Yadda Ake Ɗaukar Sautin Jitar Lantarki da Murya a Kwamfutar Gida

Assalamu alaikum. Kafin komai, ku saurari wannan sautin jitar da na ɗauka.

Kun ji yadda sautin ya fito a shaƙe, ba kaifi, ga kuma wani zuuu a ƙarƙashinsa? Jita ce na jona kai tsaye a ramin makirufo na kwamfuta. Jitar lafiyarta ƙalau, kwamfutar ma haka. Ƙofar da sautin ya bi ce ba tasa ba.

Ku duba ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar. Wannan ɗan abin maganaɗisu ne, an naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Idan tsirkiya ta girgiza a kansa, sai ya haifar da 'yar wutar lantarki mai rauni ƙwarai, wadda ke buƙatar mashiga mai turjiya sosai, wajen ohm miliyan 1. Ramin kwamfuta kuwa don ɗan makirufon hira aka yi shi. Shi ya sa kaifin ke mutuwa tun a bakin ƙofa, kuma babu manhajar da za ta dawo maka da abin da bai shiga ba.

Maganin shi ne wannan ɗan akwati, wanda masu sutudiyo ke kira saun kad. Irinsu Focusrite Scarlett Solo sun isa mai farawa. Da USB ake jona shi. Nemi inda aka rubuta INST, a wani maɓalli ne, a wani rami ne daban, nan ne wurin jita.

Makirufo kuma ta wayar XLR yake shiga, mai ƙafa 3. Akwai kondensa, wanda ba ya aiki sai ka danna maɓallin 48V. Akwai kuma irin na hannu da ake gani a wajen taro, kamar Shure SM58, shi ba ya buƙatar wannan wutar. Matasa da yawa kondensa suke fara saya don shi suke gani a hotunan sutudiyo, ni kuwa ba na ba da wannan shawarar ga mai ɗaki a bakin titi. Kondensa kunne gare shi. Zai kwaso maka Keke Napep, da carar zakara, da fankar sama, duk ya haɗa da muryarka. Na hannun kana kusantar da baki gare shi, don haka muryarka ke danne hayaniyar. Jingina katifa a bango bayanka, ka saki labule, ka kashe fanka na mintunan da za ka yi.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna, wato abin murɗawa na ƙarfin shiga da ke jikin akwatin. Kaɗa jitar da iyakar ƙarfin da za ka kaɗa a cikin waƙar, kana kallon ma'auni a manhajarka, ko Audacity ce, ko Reaper, ko FL Studio. Murɗa har ƙololuwar ta tsaya wajen -12. Kada ka bari ta taɓa 0. In fitilar akwatin ta yi ja, kan sautin ya yanke, ya fashe ke nan har abada. A saitin manhajarka, sa zurfin ɗaukar a bit 24, za ka iya ƙara ƙarfi daga baya cikin kwanciyar hankali.

In ka kaɗa ka ji sautin na zuwa a makare a hedfon, laifin ma'ajiyar wucin gadi ce, wadda ake kira bafa. A saurin ɗauka na 48,000 a daƙiƙa, bafa 1024 na cin kusan kashi 21 cikin 1,000 na daƙiƙa a shiga kaɗai, kuma yatsa na jin wannan. Mayar da ita 128, sai jinkirin ya koma ƙasa da kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa, kwatankwacin tsayawa mita 1 daga lasifika. A Windows, sauke direban ASIO na kamfanin akwatinka, wato 'yar manhajar da ke rage wannan jinkiri.

Saura zuuu ɗin nan. Wutarmu a Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma maganaɗisun jita na tsintar ta a iska. Akwai daren da na kwana ina canza wayoyi, ina zargin jitar, janareta na aiki a tsakar gida. Can da asuba na zare cajar kwamfutar don in matsar da tebur, sai hedfon ya yi tsit. Tun daga nan da batir nake ɗauka. In da saura, matsa nesa da kwamfutar da ƙwan fitila, ka juya a hankali da jitar a jikinka. Akwai fuskar da ƙarar ke raguwa, to nan za ka zauna.

Ga jitar ɗazu, ga kiɗan ɗazu, wannan karon ta ramin INST, caja a zare, ma'auni a -12. Ku saurara.