Aikin da ke Bayan Fallen Kilishi

Ku dubi wannan fallen kilishin. Idan aka ɗaga shi sama, har haske yana ratsa shi saboda rashin kauri. Kafin ya kai haka ya bi ta hannun mutane da yawa, kuma yawancinsu mai saye bai taɓa ganinsu ba.

Tun kafin kiran sallar asuba ake fara aikin. A abatuwar ɗin Yamai ana yanka, ana fiɗa, ma'aikatan lafiyar dabbobi su duba naman, sannan samari su saɓa cinyar saniya a kafaɗa su fito da ita. Mai kilishi ba kowane nama yake saye ba. Tsoka zalla yake nema, yawanci ta cinya, don kitse ba ya bushewa, kuma shi ke sa kilishi saurin lalacewa. Sai ya zauna ya cire kitsen da jijiya ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu ku lura da hannunsa na hagu. Ya danne gudan tsokar, wuƙa tana tafiya a kwance dab da tafin hannunsa, yana yanka yana juyawa, naman yana buɗewa kamar ana warware rawani. Idan wuƙar ta ɗan nutse, fallen ya huje. Idan ta yi sama, ya yi kauri, waje ya bushe ciki da ɗanye. Idan ta goce, yatsansa ne. A haka zai wuni a duƙe, yana wasa wuƙa yana komawa, ga ciwon baya ga ciwon wuya. Yaron da ya zo koyo ba a miƙa masa wannan wuƙar da wuri. Zai daɗe yana wanki, yana shanya, yana korar ƙuda, yana amsa "to, maigida", kafin a yarda ya taɓa tsoka mai tsada. A ganina wannan gwaninta ce da ta kai ta kowane mai sana'ar hannu, sai dai ba a ba ta takardar shaida.

Daga nan sai shanya a kan gadajen kara, a tsakiyar rana. Abin da ke gyara kilishi shi ne ke wahalar da mai yinsa. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan haura digiri 40, lokacin da kowa ke neman inuwa, su kuwa a lokacin ne suke zirga-zirga tsakanin gadaje, suna ɓamɓare fallayen suna juya su kada su manne. Azumin 2023 da na 2024 a Maris da Afrilu suka faɗo. Masu azumi daga cikinsu haka suka yi aikin nan baki bushe har faɗuwar rana.

A kan gadon nan ne ake gane dalilin tsadar kilishi. Kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyar tsoka ruwa ne. Rana ke shanye shi, don haka naman da aka sayo da nauyinsa yakan rasa fiye da rabi kafin a sauke shi. Wannan bushewar ce kuma ke sa matafiyi ya kai shi wata ƙasa ba tare da firijo ba.

Akwai wasu hannayen da ba sa fitowa a hoto, na mata. Tunkuzar da ake dama haɗin kilishi da ita daga gyaɗa take, kuma kafin ta zama tunkuza sai an ɓare, an soya, an niƙa, an matse man da ƙarfin damtse. Ga dakan yaji: citta, kanumfari, masoro, barkono da tafarnuwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da turmin barkono ya san yadda yake shiga ido da maƙogwaro. Albasar da ake sawa a haɗin ma sau da yawa daga Galmi take, a jihar Tawa, inda wasu suka duƙa suka dasa, suka yi ban ruwa, wasu kuma suka yi dakon buhunan.

Fallen da aka tsoma a haɗin da aka sa wa launi shi ne ja, wanda ba a sa wa ba fari, rumuzu kuwa ba a tsoma shi, mai da yaji kawai ake shafa masa. Wanda aka tsoma sai ya koma rana, sannan a kai shi wuta. Gashin ba ya daɗewa, amma ba ya son ko ƙiftawar ido. Mutumin da ya wuni a rana shi ne zai tsaya a kan garwashi, hayaƙi a fuska, riga ta jiƙe sharkaf.

Shi ya sa abin ke damuna idan na ga Alhaji ya tsaya da mota, ko sannu da aiki babu, yana ja-in-ja a kan ɗan canjin da ba zai ja a kanti ba. Ciniki halal ne, a yi. Amma mai tallan nan da ke bin motoci a tasha, ko a Yamai ko a Madawa, ba shi kaɗai zai ci kuɗin ba. Da mai fiɗa, da mai yanka, da matar da ta matse gyaɗa, duk a ciki za su samu.

Kuma sana'ar ba ta tafiya daidai duk shekara. Da damina hadari ɗaya ya isa ya sa a kwashe shanya a guje, naman da bai bushe da wuri ba ya zama asara. Da hunturu ƙura ce. Akwai na'urorin busarwa masu aiki da hasken rana, rufaffu, da ke kare nama daga ƙuda da ƙura, sai dai ƙaramin mai sana'a ba kasafai yake da kuɗinsu ba. Kafin a kai can, ragar rufe shanya, rumfar da mai yanka zai zauna, da ruwa mai tsabta kusa da wurin aiki za su rage musu wahala sosai, kuma abu ne da ƙungiyoyin mahauta da hukumomin gari za su iya haɗa hannu su samar.