Yadda ake gano ƙaramin hafsa a takardun yaƙin duniya na farko

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina Kew ne, kudu maso yammacin Landan, wannan ƙaton ginin da kuke gani a bayana nan ne gwamnatin Ingila take ajiye tsofaffin takardunta. A waje zan yi muku bayani don ɗakin karatun ba a surutu, katin shiga kyauta ne, fensir kawai ake shiga da shi banda biro, amma an yarda ka ɗauki hoton takarda da waya.

To abin da ya kawo ni, takardun sojan Ingila ne na yaƙin 1914 zuwa 1918, musamman ƙananan hafsoshi, wato sakan laftanar da laftanar. Kowace bataliya a lokacin tana da littafin da ake rubuta abin da ya faru kullum, yau mun tashi daga wuri kaza, an yi mana ruwan bamabamai, an kashe mutum kaza, a nan Kew lambar rukunin waɗannan littattafan WO 95, WO ɗin na nufin War Office, wato ma'aikatar yaƙi. Abin da zaka fara lura da shi, kuma wallahi yana taɓa zuciya, shi ne sojojin ƙasa galibi ba a rubuta sunansu, sai dai a ce mutum talatin sun mutu shi ke nan, amma hafsa ana kiran sunansa. Sai ka ɗauka ai gano hafsa abu ne mai sauƙi ko? Ina! Sunan iyali kaɗai zaka gani, in ka yi sa'a da harafin farko na sunansa, a ce sakan laftanar Smith ya ji rauni, to wane Smith ɗin, alhali masu wannan sunan a rundunar ba sa ƙirguwa. Kuma ga babbar matsalar, a wancan yaƙin kurtu da kofur da saje duk suna da lamba, hafsa kuwa ba shi da ita, sunansa da muƙaminsa da rajimantinsa, wato babbar rundunar da ta ƙunshi bataliyoyi da yawa, su ne kawai shaidarsa.

Ku gane fa su waye waɗannan mutanen. Yawancinsu yara ne, wasu daga makaranta aka ɗauko su, ɗan shekara 19 ko 20 an ba shi mutum wajen hamsin ya jagoranta, shi zai busa usur ya fara fita daga ramin da suke fakewa a ciki kafin kowa, shi ya sa in aka kwatanta da yawansu mutuwa ta fi cinsu a kan sojojin da suke jagoranta. Ranar 1 ga Yuli 1916 kaɗai, ranar farko ta gumurzun Somme a Faransa, sojan Birtaniya 19,240 aka kashe. A irin wannan yanayin yaro zai iso bataliya yau, kafin mako ya zagayo an kwashe shi a gadon marasa lafiya, mai rubuta littafin ma bai gama sanin sunansa ba, sai ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Kaga ke nan ko rubutun sunan ma ba abin dogaro bane ɗari bisa ɗari.

Inda ake farawa shi ne London Gazette, jaridar gwamnati ce, duk wanda aka ba muƙamin hafsa ko aka ƙara masa girma sai an buga a ciki da cikakken kwanan wata, kuma tana intanet kyauta. Daga nan sai kundin sunayen hafsoshi da rundunar take fitarwa wata wata, ɗakin karatu na ƙasa na Sikotland ya ɗora da yawa daga ciki a intanet, zaka buɗe rajimanti kaga hafsoshinta a jere bisa wanda ya riga wani samun muƙami.

Amma nan ne fa mutane suke faɗawa rami, ku saurara da kyau. Hafsa zai iya zama a takarda yana rajimanti kaza, ko bataliyar ajiya da ke zaune a Ingila, alhali gangar jikinsa tana Faransa an ba da aronsa ga wata bataliya daban saboda an kashe nasu hafsoshin. To in ka tsaya kana nemansa a jerin bataliyar da ta ambace shi ba zaka same shi ba, sai ka ci karo da wani mai irin sunan ka ce ai shi ne, ka ɗauki mutuwar wani ka ɗora wa wani. Ina ganin irin wannan a intanet, an sa hoton saurayi an ce ya mutu a 1917, alhali mai hoton ya koma gida ya yi aure ya tsufa, wanda ya mutu ɗin kuma babu mai tunawa da shi. Ni a wurina wannan ba ƙaramin abu bane, haƙƙin mamaci ne da na danginsa.

Abin da yake raba gardama shi ne fayil ɗin mutum na kansa, rukunin WO 339 da WO 374, su ne nake zuwa nan dominsu don sai ka nemi a ɗauko maka ainihin takardar. Ba duka suka tsira ba, a watan Satumba 1940 jiragen Jamus sun jefa bam a ma'ajiyar da ke titin Arnside a kudancin Landan, manyan fayilolin hafsoshi suka ƙone, na sojojin ƙasa ma fiye da rabi suka tafi, abin da ya rage na hafsoshi ƙananan fayiloli ne da aka ajiye a wani wurin daban. Duk da haka in ka buɗe, subhanallah, zakaga fom ɗin da ya cike da hannunsa yana neman muƙami, ranar haihuwarsa, makarantar da ya yi, rahoton likitoci in ya ji rauni da ranar da inda abin ya faru, in kuwa ya mutu akwai kwafin wayar tangaraho da aka aika wa iyayensa, da jerin ɗan kayan da aka samu nasa, agogo, littafin cek, wasiƙu. Wani lokacin har wasiƙar mahaifiya tana tambayar inda aka binne ɗanta. To in ranar raunin da ke fayil ta yi daidai da ranar da ke littafin bataliya, ka samu mutuminka.

Akwai kuma katin lambobin yabo, WO 372. Su hafsoshi sai sun rubuta sun nema ake ba su lambobin yabonsu, ko danginsu su nema, shi ya sa sau da yawa adireshi yana bayan katin, kuma wanda ya fara a kurtu kafin ya zama hafsa, irinsu sun yawaita daga 1916, katin yana nuna tsohuwar lambarsa ta kurtu. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth ita ma tana da rajista a intanet, amma ta matattu ce kawai, rashin ganin suna a can yawanci yana nufin mutumin ya rayu ne.

Ni dai ƙa'idata sai takardu biyu ko uku sun haɗu a kan suna da bataliya da kwanan wata, in ba su haɗu ba a bar shi a buɗe tukuna. Masu tambayar yaƙin duniya na biyu kuma, naku ya fi sauƙi ta wani ɓangaren, don a lokacin an riga an fara ba hafsoshi lamba, Gazette ma tana buga ta kusa da sunan mutum, sai dai duk hafsan da ya ci gaba da aiki bayan 1922 fayil ɗinsa ba ya cikin waɗannan rukunan biyu, hanyar nemansa daban ce.