Cokali Biyu na Fulawa a Ƙullun Masa

Kabiru: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Kabiru ne daga nan Kaduna, tare da ƙanwata Zainab da kuma Anti Ladi. Makon jiya kun ji mu shiru. Ba wuta aka ɗauke ba, ba kuma data ce ta ƙare ba, Zainab ce ta kwanta. Abu, ya jikin?

Zainab: Da sauƙi Yaya, alhamdu lillahi. Anti, ina wuni?

Anti Ladi: Lafiya lau 'yata. Kin ɗan faɗa, amma idon ya washe. Ranar da na leƙo ki ai ko gaisuwar kirki ba ki iya amsawa ba.

Kabiru: To ga wanda yau ya fara jin mu, Zainab tana da cutar da likitoci ke kira siliyak. Anti, ke ce kika yi shekara da shekaru kina aikin jinya, ki ɗan warware mana a taƙaice kafin ta ba da labarinta.

Anti Ladi: A cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai, akwai sinadarin da ake cewa gulutin. Shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo yana jawuwa. Mai siliyak in ya ci shi, garkuwar jikinsa sai ta ɗauka abokin gaba ne ya shigo, ta far wa ƙaramin hanji. Cikin hanjin nan akwai wasu 'yan tsiro ƙanana kamar gashin tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci. To su ake kwantarwa. Sai ka ga mutum yana ci amma jini na ƙaranci, yaro ba ya girma, ga zawo, ga kumburin ciki. Kiyasin da ake yi, kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da ita.

Kabiru: Ni fa da farko cewa na yi cutar Turawa ce Abu ta kwaso a intanet.

Zainab: Har "Baturiyar Tudun Wada" ka riƙa kirana.

Anti Ladi: Ai ba kai kaɗai ba. Amma binciken da aka wallafa a 1999 kan yaran Saharawi, mutanen Yammacin Sahara, ya samu fiye da 5 cikin 100 suna da ita. Nan Afirka ke nan. Abin da ya sa ake jingina ta ga Turawa, can aka fara gano bakin zaren. Wani likitan yara a Holan, Willem Dicke, shi ya lura cewa a yunwar da aka yi a ƙasarsu a 1944 zuwa 1945, da burodi ya yi wuya, yaran da ke fama da wannan ciwo sai suka murmure. Da alkama ta dawo, ciwo ya dawo.

Kabiru: To Abu, me ya faru ranar Asabar ɗin can?

Zainab: Suna muka je Rigasa, gidan 'yar goggonmu. Ni dama in zan je taro da kulata nake tafiya, ranar kuwa na makara, na ce ai ba za a rasa shinkafa ba. Da muka isa sai ga masa ana fitowa da ita daga tanda, da zafinta, ga miyar taushe. Na samu mai suyar na ce, Baba, don Allah akwai fulawa a ƙullun nan? Ta ce, "Haba 'yar nan, masar shinkafa ce zalla." Na ci uku.

Kabiru: Huɗu.

Zainab: Uku da rabi. Ba a yi awa biyu ba, muna cikin Keke a hanyar dawowa, na ji cikina ya murɗa. Kafin mu kai gida na sa mai Keken ya tsaya na yi amai a bakin kwata. Daren nan ban runtsa ba, tsakanin ɗaki da bayi. Cikina ya kumbura har zanen da na ɗaura da safe ya ƙi zagayowa yadda ya saba. Amma abin da ya fi damuna ba shi ba ne. Kwana uku kaina kamar an cusa auduga. Na riƙe waya zan tura wa mai ɗinki kuɗi, na manta lambar sirrin da nake bugawa kullum.

Kabiru: Washegari ni na koma na tambaya. Sai matar ta ce, "Af, ai cokali biyu ne kawai na zuba don ta haɗe jikinta. Wannan ma fulawa ce?"

Anti Ladi: Kun ji inda gizo ke saƙar. Ba ƙarya ta yi ba a wurinta. In ka ce wa mai girki "akwai fulawa?", abin da take ji shi ne "abincin fulawa ne?", kamar fanke ko alkubus. Cokali biyu a bokitin ƙullu ba ta lissafa shi. Alhali ƙa'idar da hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ta sa, kafin a ce abinci ba shi da gulutin, kada ya wuce miligiram 20 a kilo guda. Ɓurɓushin burodin da ya maƙale a wuƙa ya isa ya ɓata faranti.

Zainab: Shi ya sa yanzu na sauya tambaya. Cewa nake yi, "Baba, me da me kika zuba?" Sai in yi shiru ta lissafo da bakinta. A nan ne za ki ji fulawar ta fito a ƙarshe, bayan yis da sukari.

Kabiru: To Anti, an riga an ci. Mutane na ta turo mana da tambaya, me za a sha ya wanke shi? Wani ya ce gawayi, wata ta ce tsamiya da kanwa.

Anti Ladi: Babu. Ina so a ji ni da kyau, babu ƙwaya ko jiƙon da zai fitar da gulutin bayan ya shiga, ko ya hana garkuwar jiki yin abin da ta fara. Har ƙwayoyin nan da ake tallatawa a Instagram wai suna narkar da gulutin, ba a tabbatar suna kare mai siliyak ba. Gawayi kuma yana iya tsotse wani maganin da kake sha na daban. Abin da ya rage shi ne jinya. Na farko ruwa. Mai amai da zawo ruwan jikinsa ke tafiya, a samo ORS a kemis. In dare ne babu, a juye fiya wata leda 2, lita ɗaya ke nan, a sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, ba a ɗaga kofi a shanye ba, don zai dawo.

Zainab: Ni cokali na riƙa sha da shi a daren farko. Umma na zaune a gefen katifa tana ba ni kamar jaririya.

Anti Ladi: Haka ake yi. Sannan kada a ce za a zauna da yunwa. In aman ya lafa, a fara da abu mai sauƙi wanda aka tabbatar da shi: farar shinkafa, dafaffen dankali, ayaba, kunun gero marar yaji. A ɗaga wa mai da barkono ƙafa kwana biyu. Madara da nono ma wasu sai sun ɗan dakata, saboda sinadarin da ke narkar da sukarin madara a kan 'yan tsiron nan na hanji yake, in sun ji jiki sai madara ta riƙa ƙara kumburi.

Kabiru: Ni kuma da na ga tana murƙususu na ce bari in karɓo Flagyl.

Anti Ladi: Na kuwa hana ka. Mu nan kowane zawo Flagyl, kowane ciwon ciki Flagyl. Maganin ƙwayoyin cuta ne, wannan kuwa ba ƙwayar cuta ba ce. Su ibuprofen da diclofenac ma a bar su, suna gurzar ciki. In ciwon kai ne ko ciwon gaɓoɓi, parasitamol ya wadatar, sai ruwan ɗumi a gora a ɗora a ciki. Amma ga wani abu da nake tsoro: kada mai siliyak ya ɗora wa gulutin kowane ciwo. Muna Kaduna, ga damina, akwai taifot, akwai maleriya, akwai kwalara. In akwai zazzaɓi mai zafi, ko jini a bayan gida, ko ruwa ya ƙi zama a ciki sam, ko fitsari ya ɗauke, ko yaro ya yi laushi idonsa ya faɗa, asibiti za a nufa a lokacin. In kuma leɓe ya kumbura ko numfashi ya sarƙe bayan cin alkama, wannan wani ciwo ne daban, na gaggawa ne, ba a jira gari ya waye.

Zainab: Anti, ni abin da ya fi cin raina, shekara biyu ina kiyayewa. Na bar burodi, na bar taliya, na bar Indomie, na bar funkaso da alkaki. Da azumi kowa na shan ruwa da sambusa ni ina kallo. Sai na ji kamar masa uku ta rushe duka.

Kabiru: Da rabi.

Anti Ladi: Kabiru, ka bar ta. A'a 'yata, kuskure ɗaya ba ya mayar da ke inda kika faro. Za ki ji jiki na 'yan kwanaki, wasu har mako ko fiye, hanji kuma ya ci gaba da gyara kansa. Abin da ke yin ɓarna ta gaske shi ne ɗan kaɗan ɗin da ke shiga kullum ba a sani ba. Kuma akwai masu siliyak da ko sun ci ba sa jin komai, amma hanjin na lalacewa. Don haka rashin ciwo ba shaida ba ce.

Kabiru: Wannan ya tuna min da rigimar injin niƙa.

Zainab: Kai, wannan ai ta fi ta masa. Watannin farko na bar komai amma cikina bai daina ba. Muka rasa dalili. Tuwon masara nake ci, a gida aka tuƙa. Ranar nan na bi yarinyar da muke aika niƙa. Ina tsaye wata ta kawo alkamarta ta alkubus, aka niƙa, mai injin ya ɗan bubbuga bakin da tafin hannu, ya juye masararmu a kai. Garin farko da ya zubo a kwanonmu, rabinsa alkamar matar nan ce.

Anti Ladi: Kuma wuta ba ta kashe shi. Mutane na cewa ai an dafa, ai an soya. Ba ƙwayar cuta ba ce da zafi zai kashe. Man da aka soya fanke da shi in aka jefa ƙosai ko awara, ya ɗauka. Muciyar da aka tuƙa semo da ita, ga tsaga-tsaga a jikin icen, in aka mayar da ita tukunyar tuwon shinkafa, ta kai. Rariyar tankaɗe kuwa ba ta wankuwa.

Zainab: Yanzu muciyata da rariyata daban, na ɗaura musu jan zare. Semo ma mutane da yawa ba su san alkama ba ce. Kuskus alkama ne. Ɗan wake, yawancin na sayarwa da fulawa ake haɗawa. Milo da lemukan malt akwai sha'ir. Dunƙulen miya kuma sai na juya kwalin na karanta, kowane kamfani da haɗinsa.

Kabiru: To me ya rage miki a duniya?

Zainab: Abincin kakanninmu mana. Gero, dawa, masara, shinkafa, wake, doya, rogo, duk babu gulutin a cikinsu. Ga acca da ake kawowa daga kudancin jihar nan da Filato, ina sayenta a kasuwar Gumi, in yi fate ko in turara ta kamar kuskus. Fura ma ina sha in na san hannun da ya dama. Wahalar ba rashin abinci ba ce Yaya, kunya ce. Ka je gidan surukai a ajiye maka kwano, ka ce ba ka ci? Sai a ce girman kai, ko ƙyama, ko kana zargin an sa maka wani abu.

Anti Ladi: Ni abin da nake gaya wa mutane, ku ce "likita ya hana ni". Mai ciwon sukari in ya ƙi lemo ba wanda ke jin haushi. Kuma a faɗa tun kafin a ɗora tukunya, ba sai an zubo ba.

Zainab: Goggo ta kira ni tana ta ba da haƙuri har da kuka. Na ce wallahi ba laifin kowa ba ne. Ta ce in na zo bikin Hauwa ita da kanta za ta jiƙa min shinkafa daban, ta soya a sabuwar tanda.

Anti Ladi: Kafin mu tashi, akwai wadda ta rubuto daga Kawo ta ce ɗanta na yawan zawo, za ta hana shi burodi ta gani. Don Allah kada ki fara hanawa kafin gwaji. Gwajin jinin da ake yi, tTG, yana neman martanin jiki ne ga gulutin, in an daina ci sai ya fito kamar lafiya lau. Ki kai shi babban asibiti, irin Barau Dikko ko Shika, likita ya duba, in da bukata a leƙa hanjin da na'ura. Kuma cutar na bin jini. Iyaye, 'ya'ya da 'yan'uwan mai ita na ciki ɗaya, kusan 1 cikin 10 na iya samunta.

Zainab: Ka ji ko, Yaya? Shekara biyu ina binka ka je.

Kabiru: Ni lafiyata ƙalau. Kullum sai na ci burodi da shayi a wurin mai shayin bakin layi.

Anti Ladi: Ai yanzu na gama cewa wasu ba sa jin komai. Kuma tunda kana cin burodin, gwajin zai fito daidai. Litinin ƙarfe 8 zan biyo ta gidan.

Kabiru: Litinin ina da aiki a Kakuri, Anti.

Anti Ladi: To Talata.

Kabiru: Masu sauraro, kun dai ji yadda ake yi min taron dangi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Abu, kashe na'urar.