Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki Yayin Ziyararsa Sashen Cututtukan Ƙwaƙwalwa, Laka da Jijiyoyi a Gombe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Martaba, Allah ya ja zamaninka. 'Yan majalisar Sarki, hakimai, dagatai, shugabannin asibiti da sauran manyan baƙi, barkanmu da war haka.

A madadin likitoci, ma'aikatan jinya, masu ɗaukar hoto da masu awo na wannan sashe, muna yi maka lale marhabin. Mun daɗe muna son wannan rana, domin yawancin abin da ke kawo wa aikinmu cikas ba a asibiti yake farawa ba. A gida yake farawa, kuma muryarka tana isa zaurukan da tamu ba ta kaiwa.

Ranka ya daɗe, mu fara da shanyewar ɓarin jiki. Iri biyu ce: ko jijiyar jini ta toshe a ƙwaƙwalwa, ko ta fashe. A ido alamominsu ɗaya ne, baki ya karkace, hannu ya saki, harshe ya yi nauyi. Hoton siti (CT), wato hoton cikin kai da na'ura ke ɗauka, wanda ba ya wuce 'yan mintoci, shi ke raba su, kuma maganin da ke taimakon ta farko yana ƙara wa ta biyu zubar jini. Shi ya sa muke hana a sayo asfirin a kemis kafin a ɗauki hoto. Allurar narkar da gudan jini ma cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta. Tambayarmu ta farko ga 'yan uwa ita ce, yaushe kuka gan shi lafiya na ƙarshe? In agogo ya gagara, a ce mana bayan sallar Asuba ko gab da La'asar, wannan ya wadatar. Kuma kada a ɗura masa ruwa, kunu ko rubutu. Maƙogwaro kan kasa haɗiya, abin ya gangara huhu, mutumin da zai tashi ya kamu da ciwon huhu.

Farfaɗiya kuwa, babban awonta labarin wanda ya gani ne. Uwar da ta ɗauki bidiyon faɗuwar ɗanta da wayar hannu ta fi taimaka mana fiye da takardu goma. Bayan haka sai awon EEG, wato awon da ke nuna yadda ƙwaƙwalwa ke aiki: muna manna wayoyi kusan 20 a fatar kai, mai haƙuri ya kwanta kimanin rabin awa, a sa shi jan numfashi da ƙarfi na minti 3, a haska masa fitila mai walƙiya. Mutane da yawa suna zaton wuta za a jona musu. Wayoyin sauraro kawai suke yi, ba sa tura komai cikin kai. Abin da ke ɓata awon ƙanana ne: man gashi, kitson da ba a tsefe ba, ko barin shan magani ba da izinin likita ba. Mace ta taso tun daga Nafada ko Dukku da sabon kitso, a ce ta koma, laifin na wanda bai yi mata bayani tun ranar ba da lokaci ba ne. Muna roƙon a sanar a masallatai da majami'u cewa ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ba a cusa cokali a baki, a kwantar da mutum ta gefe, kuma in jijjigar ta wuce minti 5 a garzayo asibiti.

Hoton MRI, wani hoton cikin kai da laka, da maganaɗisu mai ƙarfi yake aiki. A cire ɗankunne, fil ɗin mayafi, makulli, laya ko guru mai ƙarfe a ciki, a goge kwalli. Mai walda da ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, ko mai na'urar bugun zuciya a ƙirji, dole ya faɗa tun kafin ya doshi ƙofa. Akwai ƙara sosai, kuma motsi kaɗan yana ɓata hoton.

Inda muka fi shan jayayya shi ne ɗibar ruwan laka, musamman da zafi ya shigo, lokacin sanƙarau. An yarda a gari cewa wannan allura tana gurgunta mutum. Ga gaskiyar lamarin: igiyar laka tana ƙarewa a saman ƙugu, allurar kuma ƙasa da nan take shiga. Jiki yana samar da kusan rabin lita na wannan ruwa kullum, mu kuwa abin da muke ɗiba bai fi cikin ƙaramin cokali ɗaya ko biyu ba. Ciwon kai yakan biyo baya, ya wuce. Yaron da ya mutu ko ya kurmance bayan awon, galibi cutar ce ta riga ta yi nisa kafin a kawo shi. Sai mun zauna da uba mun zana masa ƙashin baya a takarda, mun nuna masa inda allurar za ta bi, sannan yake sa hannu da natsuwa.

Ƙa'idarmu ita ce, bayan kowane bayani sai mai haƙuri ya maimaita mana da bakinsa: ƙwaya nawa, sau nawa, wace alama ce za ta dawo da shi cikin dare. Gyaɗa kai da "to, likita" ladabi ne, ba shaidar fahimta ba. Wanda ya fi jin Fulatanci, Tangale, Tera ko Waja muna nema masa babba ya yi tafinta, ba ma ɗora wa ƙaramin yaro nauyin faɗa wa mahaifiyarsa cewa tana da ƙari a kai. Mace mai hankalinta da ita muke magana kai tsaye, maigida yana zaune yana ji.

Allah ya taimake ka, roƙonmu biyu ne. Hakimai da dagatai su ja hankalin 'yan acaɓa kan hular kwano, su kuma faɗa wa jama'a cewa wanda ya bugu a kai, ya suma ya farfaɗo yana hira, bai tsira ba tukuna. Jini na iya taruwa a hankali ƙarƙashin ƙoƙon kai, sai amai da barci mai nauyi su biyo bayan 'yan awoyi. Na biyu, masu hali a masarauta su tallafa wa marasa ƙarfi da kuɗin hoto, domin akwai masu komawa gida da takardar awo a aljihu ba a yi ba.

Muna godiya da wannan karamci. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana. In Mai Martaba ya ba da izini, za mu fara zagayen da ɗakin awon farfaɗiya, daga nan mu wuce ɗakin masu jinya bayan tiyata.

Wassalamu alaikum.