Amsoshin Tambayoyinku: Ƙarar Shaf a Kwana da Rawar Mota a Hawa

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa daga nan Gombe. Saƙonnin wannan mako sun fi karkata kan ƙafar mota, don haka da su za mu fara.

Wani direban Golf da ke jigila tsakanin Gombe da Kumo ya rubuto cewa duk sa'ad da ya karya sitiyari zai fita daga tasha sai ya ji ƙas-ƙas-ƙas daga gaba, amma da ya miƙe hanya sai ƙarar ta ɗauke. Yana tambaya ko giyabos ne.

Malam direba, ka kwantar da hankalinka game da giyabos. Wannan alamar kan shaf ce, na wajen taya. Motoci irin su Golf da Corolla da Civic da Peugeot 406 tayoyin gaba ne ke jan su, kuma shaf biyu ne ke kai ƙarfin inji daga giyabos zuwa tayoyin. Kowane shaf yana da gaɓa biyu. Ta wajen taya yawanci ƙwallayen ƙarfe 6 ne a cikinta, suna gudu a kan kwarinsu, shi ya sa taya ke iya juyawa tana kuma karya kwana a lokaci ɗaya. Wani injiniyan Ford, Alfred Rzeppa, shi ya ƙirƙiro wannan tsari tun shekarun 1920, har yau kuma shi ake amfani da shi. Idan kwarin ya cinye, ƙwallayen sai su riƙa tsalle duk lokacin da gaɓar ta lanƙwashe sosai. Tsallen nan ne kake ji.

Ka samu fili, ka karya sitiyari har ƙarshe, ka sa ribas, ka riƙa zagayawa a hankali kana ɗan taka totur. Ka yi ta dama, ka yi ta hagu. A samu wani ya tsaya nesa kaɗan ya saurara, don a cikin mota kunne na yaudara, sai ka rantse hagu ne alhali dama ne.

Bayan haka ka leƙa bayan tayar, domin a nan asalin matsalar take. Akwai baƙar roba mai ninki-ninki da ta lulluɓe gaɓar, cike da giris. Ita wannan gaɓa takan daɗe ƙwarai muddin robar na nan lafiya. Ranar da ta tsage kuwa, juyawar shaf zai watsar da giris ɗin, za ka ga baƙin maiƙo ya fantsama a cikin wili da jikin birki. Sai yashi ya shiga. Ku da kuke bin lungunan Pantami da Bolari da damina kun san irin yashin da ruwa ke jibgewa a hanya. Yashi da ragowar giris in sun haɗu, aikin dutsen niƙa suke yi wa ƙarfe. Abin yana damuna sosai, yadda mutum zai bar roba mai araha ta jawo masa sayen shaf sukutum. Duk ranar juyen baƙin mai, ku ce wa makanike ya murɗa sitiyari ya buɗa ninkin robar da yatsa ya duba.

Amma malam, tunda taka ta fara ƙara, sabuwar roba ba za ta warkar da ita ba. Wasu kan cusa giris, ƙarar ta lafa na ɗan lokaci, ta dawo. Ka canja kan shaf ɗin. Kuma kada ka ci gaba da ɗibar fasinja a haka, don ranar da ya fashe inji zai yi ta kuka mota ta ƙi motsi, guntun shaf ɗin kuma zai iya dukan abin da ke kusa da shi.

Saƙo na biyu daga wata hajiya ce a Tumfure. Ta ce motarta na rawa idan tana hawan tudu a hanyar Kaltungo, an yi mata balansin taya sau biyu, ba ta daina ba.

Hajiya, ki gwada wannan: rawar na farawa, ki ɗage ƙafa daga totur. In ta ɗauke nan take, ta dawo da kin sake takawa, to a duba gaɓar ciki, wadda ke kusa da giyabos. Ita wannan tana zamewa ciki da waje yayin da mota ke hawa da sauka a gargada, kuma idan ta ci ba ta cika yin ƙas-ƙas ba, sai rawa, wani lokaci da ɗan "kum" idan an sa giya. Rawar rashin balansi daban take: takan zo ne a wani gudu na musamman, ko kin taka totur ko ba ki taka ba. A haɗa da duba robobin da inji ke zaune a kansu, su ma sukan kawo haka.

Wani daga Bajoga ya ce motarsa gurnani take, yana ƙaruwa da gudu. Ɗan'uwa, wannan ya fi kama da boris ɗin taya ko tayar da ta ci gefe ɗaya.

Na ƙarshe, wani matashi daga Jekadafari na tambaya: sabon shaf zai saya ko na Baljiyam? Ƙanena, kowanne ka zaɓa, ka tafi da tsohon a hannu. A gwada tsawo, a ƙirga haƙoran bakinsa, in motarka na da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, a duba zobensa da ke jikin kan shaf ɗin ma. Na Baljiyam ka riƙe sandar ka murɗa kan: in ka ji yana wasa kafin ya kama, ajiye shi. A sa baƙin giris ɗin da aka yi domin shaf, a ɗaure robar da kilif na ƙarfe maimakon waya ko tsinken tif, a ɗaure babban notin taya yadda kamfanin motar ya ƙayyade. Bayan an gama, a duba man giyabos, don yakan zuba lokacin da aka zare shaf.