Tamanduwa: Dabbar da Gonaki da Kwalta Suka Raba da Danginta

Ku ji siffar wannan dabba da kyau. Dogon baki kamar bututu, jela mai gashi buzu-buzu, tafiya kuma a kan dunƙulen hannu don kada faratanta su dushe. Mutanen Burazil suna kiranta tamanduwa-bandera, wato tamanduwa mai tuta, saboda wannan jela. Wanda ya san dabgi zai ce ai 'yar'uwarsa ce. Sana'arsu ce ɗaya kawai, cin gara da tururuwa, amma ba su haɗa dangi na kusa ba. Ita gidanta yana can daga Honduras har zuwa arewacin Ajantina.

Tsawonta da jela ya kan kai mita 2. Ba ta da haƙori ko ɗaya. Harshenta kusan santimita 60 ne, kuma a wuni guda tana iya lashe ƙwari har 30,000. Ba ta rushe suri gaba ɗaya. Ta ɗan fasa, ta lasa kamar minti ɗaya, ta yi gaba. Saboda haka take buƙatar daji mai faɗi.

To, dajin ne ke ƙarewa. Yankin Sehado, babban filin ciyawa da bishiyoyi na tsakiyar Burazil, kusan rabinsa ya koma gonakin waken suya da makiyayar shanu. Abin da ya saura guntu-guntu ne, nan kaɗan can kaɗan, kwalta ta ratsa tsakani. Tamanduwa ba ta gani sosai, hanci ne jagoranta, ga ta da nawa. Idan ta hau titi da dare, babbar mota ba ta jiranta. A jihar Mato Grosso do Sul, masu bincike ƙarƙashin Arnaud Desbiez sun fara bin sawun waɗannan dabbobi tun 2017, suna ɗaura musu na'urar GPS, suna ƙirga gawarwaki a hanyoyi irin su BR-262.

Gawar da ke bakin titi kowa yana ganinta. Akwai wata asarar da ke cikin jini, wadda ido ba ya kamawa.

Kowane makiyayi ya san cewa idan bajimi ɗaya ya daɗe a garke har yana hawan 'ya'yansa da jikokinsa, maruƙan sai su fara zuwa da rauni. Shi ya sa ake sauya bajimi, a shigo da sabon jini. A daji babu mai yin wannan sauyi sai tafiya. Matashin namiji ya bar inda aka haife shi, ya je nesa ya sami mace. Idan gona da kwalta suka tare shi, dole ya koma kan danginsa. Sannu a hankali bambancin ƙwayoyin halittarsu ya ragu, duk su zama kusan iri ɗaya. Ranar da wata cuta ta shigo, ko zafi ya tsananta, abin da ya kayar da ɗaya shi zai kayar da sauran.

An ga wannan a gandun dajin Emas da ke jihar Goyas, wanda gonaki suka kewaye kamar tsibiri. A 1994 gobara ta kashe tamanduwa wajen 340 a wurin. Gashinsu yana kama wuta nan take, gudu kuma ba nasu ba ne. Binciken da aka wallafa a 2007 ya samu cewa waɗanda ke gandun suna da ƙarancin bambancin ƙwayoyin halitta, barbara tsakanin dangi kuma ta yi yawa. Mai yawon buɗe ido zai gan su suna kiwo lafiya lau, ya tafi da murna. Wannan ne abin da ya fi damuna.

Cike giɓin ma ba sauƙi. Cikin tamanduwa kusan kwana 190 ne, ta haifi ɗa ɗaya tak, ta goya shi a baya wata da watanni. Baƙin zanen da ke jikin ɗan yana haɗuwa da na uwar, har mai farauta ya kasa bambance su. Mota ta buge uwa, an rasa biyu ke nan.

Maganin da masana suka fi kira a kai shi ne a haɗa guntayen dajin: a bar zirin bishiyoyi a bakin rafuka da tsakanin gonaki, a yi hanyar wucewa ta ƙarƙashin titi, a kafa shinge mai karkata dabba zuwa can. Inda kuma dabbar ta ƙare ƙaf, sai a dawo da ita. A lardin Koriyantes na Ajantina ta ɓace tun tsakiyar ƙarni na 20. A 2007 aka fara sako su a fadamun Ibera. Yawancinsu marayu ne daga yankin Chako na arewacin ƙasar, waɗanda mafarauta suka kashe iyayensu mata, aka shayar da su da kwalbar madara. Sun fito daga wurare daban-daban, kowa da jininsa. Yau 'ya'yansu da jikokinsu ne ke fasa suri a Ibera, ba tare da hannun mutum ya taɓa goyonsu ba.