Mu Kai 'Yar'uwarmu Gaban Likitan da Ya San Ciwonta

Shugaba, a yi mini afuwa, rahoton kuɗi ya ɗan jira. Maganar rashin lafiyar wata 'yar'uwarmu a ƙungiyarmu ta nan Manchesta ce ta tsaya mini a rai. Da izininta da na maigidanta nake yin ta, kuma ba zan kama suna ba.

Wasunku sun lura tun walimar Sallah fatar idonta na saukowa, magana na fita da ƙyar. Nan da nan kowa ya zama likita. Wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce shanyewar ɓarin jiki, wata har cewa ta yi raki ne. Gwajin jini ya raba gardama: sunan ciwon mayasteniya girabis. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta tare wurin da saƙon jijiya ke isa ga tsoka. Shi ya sa da safe za ka gan ta garau, da yamma kuwa tauna ta gagara, abu ɗaya ya zama biyu a idonta. Don Allah a daina cewa raki ne.

Likitan unguwa ya yi nasa, ya rubuta takardar turawa. To amma likitocin ƙwaƙwalwa da jijiya suna da yawa, kowa da fanninsa, wani farfaɗiya, wani shanyewar jiki. Wanda muke nema shi ne ƙwararre a cutukan jijiya da tsoka, mai ganin irin wannan ciwo kullum. Shi zai daidaita mata Mestinon, maganin da ake ba masu wannan ciwo, ya san lokacin da za a ƙara maganin kwantar da garkuwar jiki, ya sa a ɗauki hoton ƙirji a duba halittar nan da ake kira taimus, domin wasu sai an cire musu ita. Ga asibitin Salford Royal nan kusa da mu a Manchesta, akwai John Radcliffe a Oksfod, akwai asibitin jijiya na Queen Square a Landan. A Ingila majiyyaci na da haƙƙin zaɓar asibitin da za a fara ganinsa, ƙa'idar hukumar lafiya ta NHS kuma mako 18 ce daga turawa zuwa fara magani. Tafinta kyauta ne. Mai wannan ciwo ba ya biyan kuɗin magani in likita ya cika masa takardar FP92A. Ƙungiyar Myaware, mai tallafa wa masu wannan ciwo, ma na ba da shawara. Duk wannan ba ya zuwa ya same ka a ɗaki, sai an buga waya, an sake bugawa. A cikinmu akwai nas-nas da masu harhaɗa magani, muna alfahari da ku, yau ranarku ce.

Iyayenmu mata, ku ji wannan da kyau. Kada wanda ya miƙa mata magani daga jakar da aka zo da ita daga gida. Kwinin da sifro suna iya tayar da ciwon. In numfashi ya yi mata wuya ko haɗiya ta ƙi, 999 za a kira nan take, addu'ar mu yi ta a hanya.

Da a Kano ne ko Damagaram, da gidan nan ya cika, wannan ta kawo kunu, waccan ta kwashe yara. Nan ba ta da kowa sai mu. Amma na buɗe littafin asusun taimako, kunya ta kama ni. Akwai wanda rabonsa da biya tun bara, ga shi ba ya fashin walima. In Oksfod aka ce ta je, da me za mu saya mata tikitin jirgin ƙasa?

Sauran rahoto a gurguje: an biya hayar ɗakin taro, makarantar allo ta yara na nan ranar Asabar, zaɓe sai bayan azumi.

Takarda na zagayawa yanzu. Ina son mai mota, ina son mace da za ta riƙa raka ta asibiti, da wanda bakinsa ya faɗa da Turancin likitoci. Masu bashi kuma, ga ma'aji can a bakin ƙofa, ta gabansa za ku fita.